Ɗan Lallaɓa na Rediyon Kaka Hajjo

Akwai wata kalmar Turanci da na tsinta kwanan nan, wallahi tun da na tsince ta na hana mutanen gidanmu sakat. Ummi ta ce idan na ƙara faɗa mata ita, a baranda zan kwana. To tunda a gida an gaji da ni, bari in sauke muku. Kalmar ita ce "fine-tuned". Turawa suna faɗar ta ne a kan abin da aka daidaita kaɗan-kaɗan, a ƙara nan, a rage can, har ya zauna cif inda ake so. Yani irin gyaran da ake yi da bakin farce, numfashi a riƙe. Amma ba zan iya ba ku labarinta ba sai na fara hawa da ku saman rufin gidanmu na unguwar Jarwal, don a can na fara ganin ta, tun ban ma san kalma ba ce.

Gidan babu shi yanzu. Otal ne a wurin, dogo, mai ƙofar gilashi. A da kuwa tsohon gini ne mai matattakala siririya, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. A can sama akwai rufin da muke ce wa sutuh, inda ake shanya, ake kiwon tantabarun maƙwabci, kuma inda Kaka Hajjo take mulki. Kaka Hajjo ita ta haifi Ummi. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Kano, aka ratso Sudan, aka zo aikin Hajji, ba a koma ba. Sana'arta suyar gyaɗa a yashi. Da an idar da sallar magariba sai ta hura gawayi a kurfoti, ta ɗora kasko, ta zuba yashinta wanda ya yi baƙi ƙirin saboda shekaru. Mu kuma mu baibaye ta, ni da ƙanwata Jawahir da yaran maƙwabta. Hasken Harami ya haske sama ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen duwatsu sun yi duhu, ƙamshin gyaɗa ya cika ko'ina.

Kaka tana jin Larabci sarai. Na sha ganin ta a kasuwar Mansur tana ciniki har mai kaya ya ɗaga hannu ya ce "Halas, ya Hajja, ɗauki." Amma a sutuh ta kafa doka. Wanda ya kira ta Sitti, wato kaka da Larabci, ba shi ba gyaɗa.

"Larabcinku ku bar shi a matattakala tare da takalmanku," in ji ta. "In za ku sauka kwa ɗauka."

Ni kuwa tunda jika ne namiji, mijinta ne ni a wasa, kuma ba ta taɓa kirana Majid ba sai in na yi laifi.

"Ga mijin banza nan ya hawo. Bai kawo cefane ba, ya zo wawurar gyaɗa."

"Na sake ki!" nake cewa, bakina cike.

"Alhamdu lillahi. Jawahir, ke ce shaida. Gobe kar in ga ƙafarsa a nan."

Gobe kuwa ni ne na farko.

Kafin tatsuniya, sai an yi rediyo. Wata baƙar rediyo ce mai rigar fata, ta kakanmu marigayi. Kan eriyarta ya karye, don haka Kaka ta ɗaure ta da waya ta haɗa da igiyar shanya ta ƙarfe. A gabanta akwai abin murɗawa guda biyu, babba da ƙarami. Kaka ta raɗa musu suna. Babban shi ne Ɗan Gaggawa, ƙaramin Ɗan Lallaɓa. Ta ba ni ludayi in riƙa juya gyaɗa, ita kuma ta ɗora rediyon a cinya ta shiga neman sashen Hausa a gajeren zango.

Ɗan Gaggawa in ka murɗa shi, duniya ce take wucewa a guje. Ka ji Indiya, ka ji wani yana faɗa da yaren da ba ka sani ba, ka ji fito, ka ji shuuu kamar yashin kaskonmu. Can sai Kaka ta tsaya. Mu ba mu ji komai ba, ita ta ji. Ta saki babban, ta kama ƙaramin da yatsa biyu, ta karkatar da kai, ta lumshe ido. Hannunta kamar ba ya motsi. Sannu a hankali, daga ƙarƙashin shuuu ɗin nan, sai muryar wani Bahaushe ta taso, kamar mutum yana fitowa daga ruwa. Ya yi sallama, Kaka ta amsa masa da ƙarfi, har da "Sannu da zuwa, malam, ya hanya?"

Ba ya daɗewa. Ya yi magana kaɗan, iska ta kaɗa igiyar shanya, ya nutse. Kaka ta ƙara lallaɓawa, ya dawo. Haka za su yi ta yi. Wata rana na kasa haƙuri na kai hannu na murɗa mata. Mutumin ya ɓace ɓat, wata mata ta hau waƙa da wani yare.

"Majid!" Na san na shiga uku. "Hannu kamar na mai fasa dutse! Bawan Allahn nan ya ratso sahara ya ƙetare teku don ya gaishe mu, ka kore shi daga bakin ƙofa. Koma wurin gyaɗarka."

A ƙarƙashin Ɗan Lallaɓa akwai wasu 'yan ƙananan haruffa farare. Na tambaye ta me aka rubuta. Ta ce, "An rubuta, yaro kar ya taɓa."

In shirin ya ƙare ta kashe rediyo, ta sauke kasko, garwashi ya rage ja-ja-ja yana haska mata haɓa. Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda na ji wasu suna yi. Ita cewa take, "Ga wata baƙuwa nan tafe, ƙafarta duk ƙurar hanya." Mu kuma mu haɗa baki, "A ba ta ruwa ta zauna!" Tatsuniyoyinta da yawa na manta, wasu sun cakuɗe min da juna. Guda ɗaya ce ta tsaya daram, kuma ita ce wadda na fi tsana a lokacin.

Wai akwai wata mata mai zaƙin murya, in tana niƙa tana waƙa har tsuntsaye sukan yi shiru. Ran nan ta je rijiya da tsakar rana, ta manta ba ta yi sallama ba, ta tashi wani aljani daga barci. Aljanin ya fusata, ya zare muryarta daga maƙogwaro kamar yadda ake zare zare daga allura, ya ɗaura ta a jikin wani gurmi mai tsirkiya ɗaya, ya jefo mata gurmin, ya yi tafiyarsa. Mata ta dawo gida bebiya. Tana kallon 'ya'yanta, baki yana motsi, babu abin da ke fita.

Wani ƙadangare da ya ga duk abin da ya faru ya ce wa 'ya'yan, muryar uwarku tana cikin tsirkiyar nan. In aka ja ta daidai yadda take a maƙogwaronta, za ta yi magana. Babban ɗan, ƙaƙƙarfa, ya ce wannan ai abu mai sauƙi ne. Ya kama ɗaurin fatar da ke wuyan gurmin ya ja da ƙarfinsa. Tsirkiya ta yi ƙiii, uwa ta kama wuyanta ta faɗi tana birgima, saura kaɗan ta tsinke. Na biyun ya tsorata da abin da ya gani, ya sassauta ta sosai, sai gurnani kawai ake ji kamar na tsohuwar ƙofa. Su biyun suka ce ƙadangare maƙaryaci ne, suka tafi gona.

Saura autar, wata 'yar yarinya mai suna Dela. Ta ɗauki gurmi ta zauna a gaban uwar. A nan Kaka takan ɗaga yatsunta biyu a hasken garwashi ta nuna mana. "Ta matsa ɗaurin kamar kaurin gashin ido. Ta taɓa tsirkiya. Ta kalli bakin uwa. Ba haka ba. Ta mayar rabin wancan. Ta taɓa. Ta kalla." Tun hantsi take yi har rana ta yi ja. Yatsunta suka yi kanta. Ana gab da kiran magariba ta taɓa tsirkiya, sai uwar ta buɗe baki, muryarta ta fito tas.

Mu duk mun miƙe a kan gwiwa. "Me ta ce? Me ta ce?"

"Ta ce, Dela, ɗankwalinki ya karkace."

"Shi ke nan?" in ji Jawahir.

"Shi ke nan. Uwa ce fa, me kike so ta ce?"

Dela ta yi murna ta kwanta. Da dare raɓa ta sauka, tsirkiya ta saki. Da safe uwa ta tashi bebiya. Dela ta sake ɗaukar gurmi, ta mayar da ɗaurin daidai inda yake jiya, shiru. Ashe inda ya yi daidai jiya, yau ba nan ba ne, don zafin yau daban, iskar yau daban. Sai ta faro daga farko. Wata rana ta samu magana ɗaya, wata rana biyu, wani lokacin sati ya wuce ba ta samu komai ba.

"Sai me ya faru?"

"Sai baƙuwarmu ta ɗauki sandarta ta wuce. Ku tashi, an kusa kiran isha."

Ni a nan nake tayar da rigima. "Wannan ba ƙarshe ba ne! Ta je ta kashe aljanin mana!"

"Aljanin ya yi gaba tuntuni, ya ma manta da su. Wa za ta kashe?"

"To ta kai wa malam ya yi addu'a!"

"Ta kai. Malam ya yi addu'a, ya ce ta koma ta ci gaba da murɗawa."

"Wallahi tatsuniyar nan ba ta da daɗi. Na sake ki!"

"Madalla. Ɗauki takalmanka da Larabcinka ka sauka."

Shekaru suka tafi. Aka zo faɗaɗa wuraren alhazai, layinmu ya shiga ciki, muka kwashe muka koma unguwar Zahir, wani gida a hawa na uku, mai lif da na'urar sanyaya ɗaki. Sutuh ɗin ginin a kulle yake, tankunan ruwa ne a kai, kuma ba a yarda a hura gawayi ba. Kaka ta zo da yashinta a gwangwani, ta ajiye ƙarƙashin gado. Rediyon ta gwada ta a ɗaki, ta ƙi kama komai, aka naɗe ta a tsohon zane aka ɗora saman kwaba. Ni kuma na girma, na samu aiki a wani shagon kayan waya, na ɗora wa kaina koyon Turanci da jawwal ɗina, wato wayar hannu, saboda alhazan da ke shigowa shago. Ba wanda ya koya min. Bidiyo, ƙamus, in ji kalma in bi ta har gidansu. Abin ya zame min kamar ciwo.

Kaka kuma ta fara tafiya, tana zaune a gabanmu. Da farko Larabcin ne ya zube mata, ƙaf, kamar ba ta taɓa ji ba. Muka yi ta dariya, muka ce dokar sutuh ta sauko ƙasa. Daga nan sai sunaye. Ta kalli Jawahir ta ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?" Ta kira Ummi da sunan wata yayarta, ita Kaka, da ta rasu a hanyar Sudan. Ran da ta kalle ni ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa Ummi, "Baƙo ya shigo, ba ku ce min ba," na fita baranda na daɗe ban dawo ba. A ƙarshe maganar ma ta ɗauke. Ta zauna a gado ta jingina da filo, ido a buɗe, baki yana ɗan motsi, babu abin da ke fita. Ni ba abin da nake nema a duniya illa ta kalle ni ta san ni ne, ko da sau ɗaya.

Muka kai ta asibiti. Likitan mutumin kirki ne, ya yi mana bayani da Larabci a tsanake, ya ce ciwon tsufa ne, ba a warkewa, sai dai a rage gudunsa. Da ya juya wurin abokin aikinsa sai ya koma Turanci, na ji ya ce maganin yana bukatar a yi masa "fine-tune". Na cafke kalmar na sa a aljihu. Ko a wannan halin, Allah ya gafarta min, sai da na ji daɗin na tsinci sabuwa. An ƙara maganin, ta koma barci dare da rana. An rage, ta koma firgita. An canza wani. Kaka tana nan inda take.

Sai dabara ta zo min, na ce ni ne mai wayo. Ai yanzu sashen Hausa yana cikin waya, tas-tas, babu shuuu, babu nutsewa. Na sayo 'yar lasifika mai kyau daga shagonmu, na ajiye kusa da filonta, na kunna. Wani mutum ya yi sallama, muryarsa kamar yana zaune a bakin gadon. Kaka ta zabura. Ta lalubi mayafi ta rufe jikinta har ƙafa, ta manne da bango tana rawar jiki, idonta yana neman inda namijin ya ɓuya a ɗakinta. Ummi ta shigo a guje.

"Kashe! Kashe abin nan, ya walad! So kake ka ƙarasa min uwa?"

Na kashe. Sai da aka yi ta shafa mata baya kafin ta saki bango. Ashe ita a saninta, mutanen gida daga nesa suke magana, cikin iska da yashi, sai an wahala an tarbo su. Wanda ya zo tas haka babu wahala, wannan ba daga gida yake ba, ɗan kutse ne.

Washegari na hau kujera na sauko da rediyon daga saman kwaba. Na warware zanen, na goge ƙura, sai idona ya faɗa kan 'yan fararen haruffan nan na ƙarƙashin Ɗan Lallaɓa. Jama'a, yanzu ina iya karanta su! Ba "yaro kar ya taɓa" aka rubuta ba. An rubuta "fine tuning". Kalmar likita! Na zauna a ƙasa daɓas, na ciro waya na hau bin ta.

Ku ji abin da na samo, don Allah ku ji. Rabinta na biyu daga wurin makaɗa ya fito. Mai kayan kiɗa na tsirkiya, kafin ya fara, sai ya ja tsirkiyar ya sassauta har muryarta ta zauna daidai, to wannan aikin shi ne asalin kalmar. Da rediyo ta zo duniya, aka ga neman tasha ya yi kama da wannan, sai aka ari sunan. Rabin farko kuma yana nufin abu siriri, mai laushi, kamar garin da aka tankaɗe aka sake tankaɗewa. A gajeren zango tashoshi a cunkushe suke kamar masu ɗawafi, in ka murɗa babban sai ka tsallake wadda kake nema ba ka sani ba. Shi ya sa aka ƙara ƙarami, wanda za ka yi ta juyawa amma allurar ta matsa ƙiris. Daga jikin rediyo kalmar ta sauka ta shiga gari. Makanike ya ɗauka ya sa wa inji, likita ya sa wa magani, masu mulki suka sa wa tsare-tsarensu, har na'urorin nan da ake yi wa tambaya a waya su amsa, su ma haka ake cewa an yi musu. Tsirkiya, sannan rediyo. Gurmin Dela, sannan Ɗan Lallaɓa! Duk tafiyar da kalmar ta yi, a cinyar Kaka na gan ta, a sutuh, ina juya gyaɗa.

Na ruga kicin. "Ummi! Kin san tsirkiya ce asalin…"

"Majid, albasa nake yankawa."

"Minti ɗaya kawai, wallahi za ki yi mamaki!"

"Kalmar taka za ta sa ta ci abinci? In ba za ta sa ba, matsa min."

Na koma na sa wa rediyon batir. Ta kunnu! Na jira aka idar da magariba, na ja gadon Kaka kusa da taga, na ɗaure eriya da waya na maƙala a ƙarfen tagar. Na zauna a gefenta na ɗora rediyon tsakaninmu. Na murɗa Ɗan Gaggawa daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Babu Indiya, babu mai faɗa, babu Bahaushe. Gine-gine sun tsaya ta ko'ina, kowane da injinansa, rediyon ba abin da take kamawa sai shuuu da wani zzzz. Na kama Ɗan Lallaɓa, na yi yadda na ga tana yi, na karkatar da kai, na riƙe numfashi. Shuuu. Na yi ta yi har wuyana ya ƙage. Na ce a raina, shi ke nan, wannan ma ta faɗi. Na kai hannu zan kashe.

Sai na ji an buge min hannu.

Bugu ne mara ƙarfi, kamar faɗuwar ganye, amma bugu ne. Hannun Kaka ya wuce nawa ya kama Ɗan Lallaɓa da yatsa biyu. Ta karkatar da kai. Ta lumshe ido. Ni ko motsi na kasa. Tana juyawa, shuuu ɗin yana ɗan canza murya, ya yi kauri, ya yi siriri, sak ƙarar ludayi a cikin yashi mai zafi. Babu tashar da ta fito. Amma can sai ta buɗe ido, ta kalle ni, ni ɗin nan, ta ɓata rai.

"Kai, mijin banza. Ka zuba min ido, gyaɗar tana ƙonewa. Juya mana!"

Na tanadi maganganu cike da ciki na ranar da za ta gane ni. Zan ce mata na yi kewarta, zan ce mata na karanta rubutun, ƙarya ta yi min. Ko ɗaya bai fito ba. Cewa na yi, "To, Kaka." Na dunƙule hannu kamar na riƙe ludayi, na hau juya iska a kan bargo.

"Ta gefe, ta gefe. Kullum sai an faɗa maka."

"Na sake ki," na ce.

Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Alhamdu lillahi."

Na ɗaga kai na ga Ummi a bakin ƙofa, wuƙar albasa a hannu, ta toshe baki da gefen mayafi. Kafin in juyo, yatsun Kaka sun zame daga rediyon. Idon yana nan a buɗe, amma ta koma. Na kira ta, na sake kira. Ta kalle ni yadda ake kallon mai kawo gas.

Na ce ai na gano bakin zaren. Na sa wa Ɗan Lallaɓa alama da jan farcen Jawahir daidai inda Kaka ta bar shi. Washegari bayan magariba na ja gado wuri ɗaya, na sa rigar da na sa jiya, na zauna a gefe ɗaya, na kunna. Babu komai. Jibi ma haka. Na ce ko ƙamshi ne ya rage, na jawo gwangwanin yashinta daga ƙarƙashin gado, na soya gyaɗa a kan gas na kawo kaskon har ɗaki, gida ya cika da hayaƙi, maƙwabta suka ƙwanƙwasa. Kaka ta yi tari, ta juya fuska bango. Na ce mata, "Ga wata baƙuwa nan tafe, ƙafarta duk ƙurar hanya." Jawahir ce ta amsa daga falo, a hankali, ita ma ba ta ƙarasa ba.

Har yau ban san me ya buɗe ƙofar a ranar nan ba. Ko ƙarar ce, ko hasken taga, ko don na kai hannu zan taɓa abin da aka hana ni. Na gwada kowanne. Na so a ce akwai wanda zan kama in shaƙe, ko likita, ko masu otal, ko ni kaina da lasifikata. Babu. Aljanin ya yi gaba tuntuni.

Ina son kalmar nan tawa har yanzu, kar ku ce na daina. Amma da na daɗe ina juya ta, sai na ga ta fi dacewa da inji. Inji in aka daidaita shi, an gama, a rufe bonet a wanke hannu. A da haushin Kaka nake ji da ta ƙi ba mu irin wannan ƙarshen. Ina ce rowa ce, ko isha ce ta katse ta. Yanzu ina tunanin yarinyar da ta baro ƙauyensu ba ta ƙara ganin sa ba, ta shekara da shekaru tana tarbo muryar gida daga igiyar shanya, ta samu yau ta rasa gobe. Ba ta da wani ƙarshen da za ta ba mu. Wanda ta sani ta bayar, ta haɗa mana da gyaɗa don ya haɗiyu.

Ummi ta daina cewa in matsa mata. Jiya ma ita ta sayo batir, ta ajiye a kan kwaba ba ta ce komai ba. Alamar jan farcen kuwa na kankare ta, tunda ba ta da amfani. Ga shi an fara kiran magariba a masallacin layinmu. In na dawo zan ja gadon kusa da taga, in ɗora rediyon inda hannunta zai iya kaiwa, in faro daga farko. Ban sani ba ko yau za a ce min gyaɗa tana ƙonewa. Ludayin dai yana hannuna.